Motar da Ba Ta Shan Ruwa da Haƙƙin da ke Kanta

Mutum ne yana da motar da yake zuwa aiki da ita. Sai kuma ya ajiye wata tsohuwa a rumfa, mai ƙofa biyu, injinta a baya, ta girmi ɗansa na fari. Ba ta ɗaukar buhun masara, ba ta kai yara makaranta, ko amarya ba a ɗaukowa da ita. Duk wata sai ta ci masa kuɗi. Abin da yake samu a wurinta shi ne ranar Lahadi da la'asar ya kama hanyar Akwanga, ya saurari kukan injin, ya juyo gida kafin magariba. Shin wannan mutum ya yi laifi? In aka jefa tambayar a kowace majalisa ta unguwar nan, amsa a baki take: almubazzaranci ne, Allah ya shirya. Ni kam ina ganin amsar ta yi gaggawa, kuma gaggawar tana sa mu tsallake wuraren da haƙƙi na gaskiya yake kwance a cikin lamarin.

Bari mu fara da sanin motar, don samarin yanzu da yawa ba su taɓa ganin mota marar lagireto ba. Galibin motocin da ke kan titi ruwa ne yake sanyaya injinsu. Wannan kuwa iska ce. Jikin silindarta an yi masa haƙora-haƙora kamar na injin babur, akwai babbar fanka da bel yake juyawa, tana hura iska a kansu, baƙin mai kuma yana ɗauke sauran zafin. Uwar wannan dangi duka ita ce Bosuwaja, wadda wasu ke kira Bitil, wadda Bajamushe Ferdinand Porsche ya zana tun kafin yaƙin duniya na biyu. Ɗansa Ferry ya ɗebi kayan Bosuwajar ya haɗa motar gudu mai lamba 356 a 1948 a wani ƙauye na ƙasar Austiriya. A 1955 aka fito da Karmann Ghia, wadda ƙasanta da injinta na Bosuwaja ne, sai dai an tufatar da ita da jiki mai kyau da 'yan Italiya suka zana; an yi ta har 1974, kuma kyanta ya fi gudunta nesa ba kusa ba. A 1963 aka nuna wadda ta zama sarauniyarsu a birnin Frankfurt. Da farko 901 aka sa mata, sai kamfanin Fijo ya ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasa ce, shi ne aka mayar da ita 911. Ta ci gaba da shan iska har 1998, lokacin da dokokin hayaƙi da na ƙara a Turai da kuma neman ƙarin ƙarfi suka sa kamfanin ya koma ruwa. Tun daga nan masu sha'awa suka raba duniya biyu, ta iska da ta ruwa, kuma farashin na iskar ya yi ta hawa har wasunsu suka fi sabuwa fil tsada.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne kawai. A 1984 wata 911 da aka ɗaga mata ƙafa ita ta lashe tseren Faris zuwa Dakar, ta ratsa Agadas da Yamai, ƙasar Hausawa 'yan uwanmu. A 1978 kuma, a tseren Safari na Kenya, 911 ta zo ta biyu, Fijo 504 ce ta kayar da ita, abin da ya kamata ya faranta wa tsofaffin direbobin tasha rai. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne Bosuwajar kanta. A 1975 aka fara haɗa ta a Legas, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma shekarar da kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Malamin makaranta, akawu, malamin asibiti, malamin gona, da yawansu ita ce motarsu ta farko. Duk wanda ya haura hamsin a garin nan ya san kukanta tun daga nesa, ya san ana buɗe gabanta a tarar da taya da wurin kaya, a zaga baya a tarar da inji. An daina yin ta gaba ɗaya ranar 30 ga Yuli 2003 a Meziko, bayan an ƙera sama da miliyan 21. Porsche dai ba kayan Keffi ba ce, sai dai a gan ta a garejin wani mai hali a Abuja ko Legas. Amma Bitil da Kombi, da jefi-jefi Karmann Ghia, suna nan a bayan gidaje, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Tambayar ɗaya ce ko ƙarama ce ko babba.

Masu cewa almubazzaranci ne suna da hujja, kuma hujja mai nauyi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi tsalle, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. Ma'aikatan da ke kwana a Keffi suna aiki a Abuja wasu sun koma kwana a ofis, sai Juma'a su zo gida. Akwai gidaje a lungunanmu da tukunya ba ta hawa murhu sau biyu a rana. A irin wannan hali mutum ya zuba lita ashirin don kawai ya ji daɗin tuƙi, ya wuce ta gaban maƙwabcin da aka koro wa yaro saboda kuɗin makaranta, ai dole zuciya ta sosu. Wanda bai ji wannan sosuwar ba akwai abin da ya mutu a ƙirjinsa.

To amma ga abin da yake ba ni mamaki. In Alhaji ya shigo da sabuwar jif wadda kuɗinta zai gina ajujuwa shida, fita muke yi mu ce Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare hanya, har a ba da tukwicin gani. Ba wanda yake lissafa masa litocin da take sha. Lefe mai akwati goma sha biyu, dina a hotal, wayar da ake canzawa duk shekara, duk mun sama musu suna mai daɗi, mun ce rufin asiri ne ko fita kunya. Sai wanda ya kashe kashi ɗaya cikin goma na wannan a kan tsohuwar Bosuwaja shi ne mahaukaci. Ka ga ashe ba yawan kuɗin muke aunawa ba. Abin da muka saba gani muke yafewa, wanda ba mu saba ba mu ɗora masa wa'azi. Jif tana faɗa wa mutane matsayin mai ita, wannan yare ne da kowa yake ji. Tsohuwar mota ba ta faɗin komai sai cewa mai ita yana sonta, mu kuma son abu don kansa yana ba mu kunya.

Alhali muna da shi a gida tun kaka da kakanni. Me doki yake yi wa mai shi a yau? Ba ya noma, ba ya fatauci, ba a yaƙi. Dawa yake ci, da dusa da harawa da kanwa, a yi masa barga, a ɗauki yaron da zai kula da shi, a saya masa sirdi da linzami da jalala masu tsada, duk don kwana kaɗan a shekara da za a yi hawan Sallah a bi bayan Sarki. Ban taɓa jin an kira mai doki almubazzari ba. Dalili kuwa shi ne al'ada ta riga ta gindaya wa doki sharuɗɗa da kowa ya sani ko ba a faɗa ba. Ba a ganin doki da ƙiba 'ya'yan mai shi da rama, in aka gani abin gori ne har jikoki. Ba a sukuwa a lungu. Yaron barga yana cin tuwon gidan. Ranar hawa kuma kallon na kowa ne, talaka da mai kuɗi. Motar sha'awa dokin ƙarfe ce da ta zo ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba, shi ya sa muke rasa inda za mu ajiye ta, sai mu yanke mata hukunci ɗaya mu huta.

Malamanmu sun bambanta abu biyu da mu muke haɗawa a kalma ɗaya. Akwai israfi, wato wuce kima a cikin abin da asalinsa halal ne. Akwai tabziri, wato zuba dukiya inda bai halatta a zuba ba ko kaɗan ne. Mota ba giya ba ce, ba caca ba ce, saboda haka maganarta maganar kima ce. Kima kuwa ba ɗaya ba ce ga kowa. Abin da yake israfi ga mai albashin ƙaramar hukuma ba lalle ya zama israfi ga mai tirela biyar ba. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin waɗanda suke gaba a layi: ci da sha da sutura da maganin iyali, iyaye in suna da buƙata, bashin mutane, zakka, sannan maƙwabcin da ka san da yunwarsa. Wanda ya sallami waɗannan, ragowar tasa ce, ko doki ya saya, ko tantabaru, ko littattafai, ko Karmann Ghia. Wanda kuwa mai shago yake binsa kuɗin shinkafa wata uku amma ya aika Legas a kawo masa kafireto, ko da motar naira dubu hamsin ya saye ta, ya ci haƙƙi. Wannan kowa zai yarda da shi, ba sai na tsaya a kai ba.

Inda nake so in tsaya shi ne wurin da ba a cika dubawa ba, wato bakanike. Irin wannan mota ba a mallakarta mutum ɗaya. Baƙin man Bitil lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba ta da matatar mai irin ta motocin yanzu sai 'yar rariya, saboda haka duk kilomita 5,000 sai an juye. Bawul ɗinta da hannu ake daidaitawa, inji na sanyi, da ɗan siririn ƙarfen awo, tazarar milimita 0.15. In aka matse ta da yawa bawul ya ƙone, kuma a tsofaffin ƙira silinda ta uku ce take fara mutuwa, don na'urar sanyaya mai tana tare mata iska. In bel ɗin fanka ya tsinke, jar fitila za ta kama, mai tunanin batir ne kawai ya ci gaba da tafiya, cikin 'yan mintuna inji ya tafi. Akwai kuma 'yan faranti da robobin da suke zagaye da injin, waɗanda wanda bai sani ba yakan cire ya yar yana cewa ba su da amfani, alhali su ne suke hana iska mai zafi komawa cikin fanka. Wannan ilimi ba a kwamfuta yake ba. Yana kunnen wasu dattawa da yatsunsu, waɗanda suka koyi aiki a shekarun 1970 da 1980, yau suna zaune a bencin gareji suna kallon yara suna jona wa mota na'ura tana faɗa musu ciwonta. Duk wanda ya raya tsohuwar mota ya mayar wa irin wannan dattijo da darajarsa, kuma in an yi dace wani yaro ya tsaya kusa ya koya. Wannan alheri ne da sabuwar jif ba ta yi wa kowa a unguwa, ita Abuja ake kai ta sabis.

Sai dai a nan ne kuma zalunci yake saurin shiga. Tayar da motar da ta shekara ashirin a kwance aikin watanni ne. Dattijo zai sauke inji, ya wanke, ya aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas neman abin da babu, wani abin ma shi zai ƙera da hannunsa. Mai walda ya toshe ƙasan da tsatsa ta cinye, mai fenti ya bi. Ranar biya sai mai mota ya tuna ai tsohuwar mota ce, ya yi ciniki kamar canjin fulogi aka yi masa, ya ce Baba a yi haƙuri, sauran sai wata ya yi. Bayan shekara ya ɗauki hotonta ya sa a intanet, wani daga Maitama ya biya ninkin-ba-ninkin. Darajar da aka saya ɗin nan daga ina ta fito? Gwangwani ne a da, hannun Baba ne ya mayar da shi mota. Shari'a ba ta ce a raba riba da shi ba tunda lada aka yi, amma ladan da aka danne saboda dattijo ba shi da wani mai kawo masa irin aikin, ba lada ne na yarda ba, na dole ne. A wurina wannan ya fi lita ashirin ɗin ranar Lahadi nauyi, kuma ba na jin ana yin wa'azi a kansa.

Na biyu ya fi wannan zafi, shi ne gado. Mu ɗauki gidan da ba sai an kama suna ba, don irinsa ba ɗaya ba ne. Maigida ya rasu ya bar Bosuwajar da ya saya da kuɗin Udoji. Cikin 'ya'yansa akwai ɗaya da yake sonta, yana bin shafukan masu tsofaffin motoci, ya san abin da take iya kaiwa in an gyara. Iyayensa mata da ƙannensa mata kuwa a ganinsu tarkace ce mai tare wuri. Ranar rabo sai ya yi shiru, a kira ɗan gwangwan ya yi mata kuɗin kilo, shi kuma ya ce a sa masa a kasonsa don tunawa da Baba. Kowa ya ce Allah ya yi albarka, ɗa nagari. Wallahi wannan cin dukiyar magada ne da rigar biyayya. Matan mamaci suna da tumuninsu a cikin motar nan, kowace 'ya tana da kasonta, in akwai ƙananan yara kuwa dukiyar marayu ce. Son da yake yi wa motar gaskiya ne, ban musa ba, kuma shi ya fi cancanta ta zauna a hannunsa. Hanyar ita ce ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani, a kira masu sanin irinta mutum biyu ko uku su yi mata kuɗi, sannan ya biya bambancin ko da kaɗan-kaɗan ne. In ba zai iya ba, a sayar a raba, ya riƙe hoto. Haka nan dillalin da yake zagaya gidajen zawarawa yana cewa Hajiya bari in rage miki wannan ƙarfen kada macizai su shiga, alhali mai saye yana jiransa a Abuja, shi ma ya san abin da yake yi.

Akwai kuma masu saye su kulle, ba su hawa, suna jiran farashi ya tashi. Waɗannan su tuna cewa motar hawa ba ta da zakka, amma wadda aka saya da niyyar sayarwa hajar kasuwanci ce, kuma a mazhabar Malikiyya mai jiran kasuwa irin wannan yana fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar ya karɓi kuɗi, in sun kai nisabi. Ita kanta motar zama yana kashe ta, robobi su bushe, birki ya kama.

Sai tuƙi. Wannan ma haƙƙi ne, don titi ba na mutum ɗaya ba ne. Motar da nauyinta yake baya tana da hali: in ka shiga kwana da gudu, ka tsorata ka ɗage ƙafa daga totur, bayan ne yake zagayowa ya wuce gaba. 911 mai turbo da ta fito a 1975 har laƙabi Turawa suka yi mata na mai mayar da mata zawarawa. Bitil ba ta da wannan ƙarfin, amma tankin manta yana gaba, kusan a kan gwiwar direba, ba ta da jakar iska, birkinta na zamanin da ne. Hanyar Abuja zuwa Keffi kuma ba filin tsere ba ce. Daga Mararaba zuwa Masaka mutane ne ke tsallakawa ko'ina, a cikin gari ga 'yan acaba ɗauke da ɗaliban jami'a bibbiyu, ga keke, ga almajirai. Gosulon Nyanya da rana tsaka shi kansa azaba ne ga injin da yake jiran fanka, don in mota na tsaye fankar a hankali take juyawa. Wanda yake son ya ji motarsa ya fita da sassafe ya kama inda titi ya buɗe, ya tsaya inda doka ta tsaya. Wanda kuma ya cire salansa don a ji shigowarsa bayan isha'i, alhali akwai mai jego a gidan kusa da tsoho mai hawan jini a na gaba, wannan ba son mota ne yake damunsa ba, son a kalle shi ne. Ana gane su da sauƙi. Mai sha'awa ta gaskiya in ka tsaya kallo zai buɗe maka inji ya cika ka da bayani har ka gaji, yaran unguwa su shiga su riƙe sitiyari. Mai burga gilashi yake ɗagawa.

Mu masu kallo ma akwai namu. Ba duk ɗacin da muke ji ne tausayin talaka ba, wani hassada ce ta sa rawani. Mai faɗin a sayar da motar a ciyar da marayu, a tambaye shi yaushe rabon da ya leƙa gidan marayun da ke bayan katangarsa. Iyayenmu da suka sauka a garin nan daga Kano da Katsina da Zazzau da fatauci sun san darajar riƙon abu, akwatin ƙarfe ɗaya ya yi wa mutum shekara arba'in, keken Raleigh ya ga jika. Mu ne muka koyi saye da yarwa, muna bin 'yar Kwatano bayan 'yar Kwatano, kowace in ta gaji a tura wa 'yan gwangwan. Wanda ya tsaya ya riƙe abu ɗaya shekara da shekaru, ya san kowane kusa na jikinsa, ni ban ga ya fi mu ɓarna ba.

Ga waɗanda suke da irinta a kwance a bayan gida, kafin a kira mai sikeli a ɗaga kujerar baya. Batir a nan yake zama, a duba ko ruwansa ya cinye ƙasan wurin, don nan ne tsatsa take fara ci. A tsakiya, a kan doron ƙarfen da ya ratsa motar, akwai lambar jiki a buge. A ƙirar Jamus daga 1965, in ta fara da 11 Bitil ce, in ta fara da 14 Karmann Ghia ce, lamba ta uku kuma ita ce ƙarshen shekarar ƙira. A rubuta ta a takarda, a nemo takardun motar in suna cikin akwatin marigayi, a nuna wa duk magada, mata da maza, kafin a nuna wa dillali.